Ƙannena masu shirin hutun farko a Turai, kar arha ta ja ku zuwa Nuwamba

Idan hutu za ka je yi Turai karon farko kuma lokacin kaka ne ya yi maka, toh ka nemi tsakanin tsakiyar Satumba zuwa wajen 20 ga Oktoba, ka zaɓi ƙasa ɗaya ko biyu masu maƙwabtaka, jirgin sama ya sauke ka sau ɗaya, sauran yawon duk ka yi shi a jirgin ƙasa. Mai sauri zai iya tsayawa a nan. Wanda kuma yake da data da haƙuri ya zauna, don ni akasin haka na yi kuma aljihuna da ƙafafuna duk sun ji a jikinsu.

Nuwamba na tafi, ba don komai ba sai don tikiti da otal sun fi arha, kun dai san mu da arha. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne tsawon yini. A ƙasashen Tarayyar Turai duk Lahadin ƙarshe ta Oktoba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, ga shi dama tun ƙarshen Yuni rana take ta raguwa, toh a ƙarshen Nuwamba ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi a Paris, a Berlin ma ƙarfe 4, da safe kuma sai wajen 8 take fitowa, in ma ta ga damar fitowa kenan. Paris ɗin nan dai a tsakiyar Satumba sai wajen 8 na dare ake magariba. Awa uku cur ka zubar kullum, kai da ka biya Yuro 90 kuɗin biza, ka biya inshora, ka sayi tikiti da canjin nan da ake ciki, sai ka ƙare kana kallon gari cikin duhu. Ni da na ci abincin rana na ɗan kishingiɗa in huta kamar yadda muka saba, ina buɗe labule fitilun titi sun kunnu.

Har sallah sai ta rikice maka in ba ka shirya ba. A Berlin ƙarshen Nuwamba azahar wajen 12 take, la'asar kafin 2, magariba 4, wato kana layin shiga gidan tarihi guda ɗaya lokaci biyu sun wuce ka. Matafiyi yana da rangwame, gaskiya ne, amma ka tambayi malaminka tun a gida ka san yadda za ka yi, ba sai kana tsaye a tasha kana latsa waya ba.

Sanyin kuma kar wanda ya ce min ai mun san hunturu. Hunturu busasshe ne, ka sa suwaita ka shafa basilin, hantsi na yi an wuce wurin. Na can jiƙaƙƙe ne, yayyafi sirisiri da iska, ba ya yin ƙarfi ba ya kuma tsayawa, yana bin ɗinkin takalmi yana shiga. Da kambas na yadi na tafi wai ni ɗan gayu, kullum da dare sai in cusa masa takarda a ciki in jera safa a kan hita ta ɗakin otal, da safe in same su da ɗumi amma ba su bushe ba, haka zan mayar in fita. Kuɗin da na yi murnar na rage a tikiti kusan duk a jaket da lema da takalmi suka tafi.

Amma fa shi ma Satumba da Oktoban akwai ramuka. Farkon Satumba a Italiya da Sifaniya har yanzu zafi ne da cunkoso, farashi bai gama sauka ba. Munich ana bikin Oktoberfest daga wajen mako na uku na Satumba zuwa Lahadin farko ta Oktoba, mutane wajen miliyan 6 ke zuwa, bikin giya ne ba abin da ya haɗa ka da shi amma kuɗin otal zai haɗa ka da shi, don haka ka kauce wa garin a lokacin. Milan da Paris suna makon nuna kayan sawa a ƙarshen Satumba, na Paris har ya shiga farkon Oktoba, nan ma ɗakuna tsada. Sannan makarantun Faransa suna hutun mako biyu daga wajen 20 ga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, jiragen ƙasa su cika da iyalai, 1 ga Nuwamba kuma hutu ne a Faransa da Italiya da Sifaniya. In ni za a bari in zaɓa, makon ƙarshe na Satumba da biyun farko na Oktoba, ganye ya fara ja da rawaya, jaket mara nauyi ya ishe ka a yawancin wurare.

Wanda kuma ofis bai ba shi hutu ba sai Nuwamba, toh ya yi kudu kawai. Andalus ta kudancin Sifaniya, wato Sevilla, Cordoba, Granada. A Sevilla da rana zafin yana kaiwa wajen digiri 20 a Nuwamba kuma rana sai bayan 6 take faɗuwa, ga Alhambra, fadar sarakunan Musulmi a Granada, ga babban masallacin Kurɗuba (Cordoba) na zamanin Umayyawa wanda yanzu coci ne a tsakiyarsa, abin da ka ji a tarihi ka gan shi da idonka. Tikitin Alhambra dai da makonni ake saye, akwai sunanka da lokacin shigarka fadar a jiki, ka makara shikenan. Kuma kudun ma a dinga duba hasashen yanayi, kaka ce lokacin ruwansu mai ƙarfi, ambaliyar Valencia ta 29 ga Oktoba 2024 ta ci rayuka sama da 200, Venice kuma a 12 ga Nuwamba 2019 ruwa ya tashi santimita 187.

Yanzu abin hawa, inda na fi shan wuya. Na so in taka ƙasashe rututu don in dawo in ce na je, sai na jera tikitocin ƙananan jiragen nan masu arha, wani Yuro 20 da 'yan kai, ina ta jin ni gwani ne. Ashe filin jirgin da aka rubuta Paris a gabansa Beauvais ne, kusan kilomita 85 daga birnin, bas sama da awa ɗaya, kuɗin bas ɗin ma ya kusa kamo kuɗin jirgin. Haka Charleroi take ga Brussels, haka Bergamo ga Milan, Hahn kuwa da ake liƙa wa sunan Frankfurt ta haura kilomita 100. Jirgin mafi arha kuma na asuba ne, lokacin jirgin ƙarƙashin ƙasa bai fara aiki ba, ko ka ɗauki tasi ko ka kwana a benci. Tikitin kuma 'yar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera kawai ya ɗauke maka, ni ga ni da akwati irin namu na mai niyyar tsaraba, a bakin ƙofa aka ce in sa shi cikin wani ɗan kejin ƙarfe na awo, ya ƙi shiga, ina dannawa mutane na kallo, na zaro kati na biya abin da ya ninka tikitin. Ba wanda ya cuce ni fa, duk a rubuce yake, ni ne ban karanta ba. Ƙari a kan haka wasu kamfanonin sai mai fasfo irin namu ya je kanta an duba bizarsa ko da ya gama komai a waya, wani layin kenan. In ka haɗa duka, tafiyar awa ɗaya da rabi a sama ta cinye maka yini.

Tunda an zo maganar akwati, kilishi da dambun nama a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, in an gani ƙwacewa za a yi har da yiwuwar tara.

Jirgin ƙasa shi daga tsakiyar gari yake ɗaukar ka ya ajiye ka a tsakiyar gari. Daga tashar Gare du Nord a Paris zuwa Brussels bai kai awa ɗaya da rabi ba, Amsterdam awa uku da 'yan mintuna. Roma zuwa Florence awa ɗaya da rabi, Milan zuwa Roma wajen uku, Madrid zuwa Barcelona biyu da rabi, Madrid zuwa Cordoba bai kai biyu ba. Galibi ba mai auna maka kaya, ga wurin caji, ga taga kana kallon gonakin inabi da zaitun, tafiyar ma kanta yawon buɗe ido ce. A Italiya Trenitalia da Italo suna gasa, a Sifaniya Renfe da Iryo da Ouigo, don haka a duba duka kafin a saya. Sirrin kawai a saya da wuri, farashin masu gudun yana hawa ne yayin da ranar ke matsowa, wanda ya saya da makonni da wanda ya saya a ranar kujera ɗaya suke amma ba kuɗi ɗaya suka biya ba. Kuma jirgin nan ba ya jiran kowa, ba a cewa direba ɗan tsaya ga wani nan tafe.

Eurail, katin nan na hawa jiragen ƙasa da ake sayar wa waɗanda ba mazauna Turai ba, mutane na yawan tambaya. Yana da daɗi a Jamus da Ostiriya da Suwizalan inda yawanci za ka hau kawai, amma a Faransa da Italiya da Sifaniya masu gudun sai ka sake biyan kuɗin kujera a kan katin. Ga mai garuruwa uku ko huɗu, a ganina tikiti ɗaiɗai da aka saya da wuri ya fi. A Italiya in ka sayi tikitin takarda na ƙananan jiragen yanki, ka soka shi a ɗan injin da ke tasha ya buga masa lokaci kafin ka hau, mai duba tikiti ba ruwansa da kai baƙo ne.

Bas irin su FlixBus ya fi komai arha kuma ba laifi ga tafiyar awa uku huɗu. Na dare ne nake ja muku kunne a kai, lissafin wai ka huta da kuɗin otal, amma ka sauka da asuba cikin sanyi, ɗaki ba za a ba ka ba sai wajen 2 ko 3 na rana, ka yini kana gyangyaɗi. Fasfo kuma ya zauna a jikinka kar ya shiga ƙarƙashin mota, ana tsayar da bas a kan iyaka, Jamus ma tun Satumba 2024 take bincike a duk iyakokinta na ƙasa. Hayar mota kam a tafiyar farko a manta da ita, tsakiyar biranen Italiya akwai unguwannin da kyamara ke ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, tarar ta biyo ka bayan ka dawo gida. Landan kuma duk da a jirgin ƙasa na Eurostar awa biyu da 'yan kai ne daga Paris, Ingila ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da kai, bizarta daban.

Zaɓen watan ma tun a wurin biza yake farawa. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, amsa a ƙa'ida kwana 15 ce amma tana iya kaiwa 45, samun ranar ganawar ma wani aikin ne, don haka mai son ƙarshen Satumba ya fara motsi tun Afrilu ko Mayu, ya nema a ofishin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta, da inshorar da ta kai Yuro 30,000. Sannan tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsa a wurin shiga, layin yana iya ja, toh kar ka sayi tikitin jirgin ƙasa mara canji na awa biyu bayan saukarka. Ka kwana a garin da ka sauka, washegari da hantsi ka kama hanya.