Ranar da Mai Goge Ya Saurari Jitata

Jitar ba tawa ba ce tun asali. Wani ɗan bautar ƙasa ne da aka turo makarantar da nake koyarwa, a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, ya zo da ita cikin baƙar jaka, ya rataye a ƙusa a ɗakin da muka ba shi bayan ofishin hedimasta. Shekara guda muka yi tare. Shi ya nuna mini yadda ake ɗora ta a cinyar hagu a taka bulo da ƙafa, shi kuma ya koya mini karanta rubutun kiɗa, ɗige-ɗigen nan masu wutsiya da ke zaune kan layi biyar. Ranar da zai tafi kaya suka yi wa babur yawa, ya miƙo mini ita ya ce in riƙe masa. Yau shekara shida ke nan ina riƙe masa.

Mai tsirkiyar nailan ce guda shida, ba irin mai tsirkiyar ƙarfe ta mawaƙan zamani ba, kuma da yatsu ake kaɗa ta. A wurinmu malamin makaranta ba ya yawo da kayan kiɗa a kafaɗa. Ranar da Inna ta fara ganin ta cewa ta yi, "Yanzu jikan limami ne zai koma roƙo?" Don haka sai bayan sallar isha'i nake komawa aji, in kunna fitilar waya, in jingina ta da kwalin alli.

Cikin jakar akwai takardun kiɗa da ya bari. Na ɗauka duk don jita aka tsara su, sai daga baya na lura da ƙananan rubutu a saman shafi: wannan na fiyano ne, wancan na chelo, wato babbar gogen Turawa da ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. Ashe kaso mai yawa na abin da masu irin wannan jita ke kaɗawa kayan aro ne. Francisco Tárrega, mutumin Sifen da ya rasu a 1909, ya sha ɗauko kiɗan fiyano ya mayar kan jita, Andrés Segovia ya zo ya ɗora. Shi Segovia har doguwar Chaconne da Bach, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, ya rubuta wa bayolin, wato ƙaramin gogen Turawa, ya kaɗa a Faris a 1935.

Da Asturias na fara, saboda na ji ta a waya ta hana ni barci. Isaac Albéniz ya rubuta ta wa fiyano, aka buga a 1892, amma abin da yake kwaikwayo da fiyanon shi ne kiɗan jitar mutanen kudancin Sifen. Sunan ma ba shi ya raɗa ba, wani mai buga littattafai a Jamus ne ya liƙa mata shi bayan rasuwarsa, alhali Asturias yanki ne na arewa. Idan ka ɗauko ta ka sa a jita, kamar ka mai da 'yar riƙo gidan ubanta ne. An sauke ta daga mazaunin G zuwa E, sai sautin nan da ke ta maimaituwa ya faɗo daidai kan tsirkiya ta biyu a sake, ba sai ka danna komai ba. Babban yatsa na tafiya da waƙar a ƙasa, manuni na ta caccakar tsirkiya guda. Cikin wata biyu na iya farkonta, na fara jin kaina wani ne.

Inda ta kama ni shi ne wurin da ake danne tsirkiyoyi shida da yatsa ɗaya a gaɓa ta bakwai, a buga su gaba ɗaya, a koma wa waƙar ba tare da an yi latti ba. Mai fiyano yatsu goma gare shi, kowanne da sautinsa. Ni huɗu ne kawai ke dannawa, kuma duk abin da zan yi ba zai wuce sauti shida a lokaci ɗaya ba. Na yi ta matsawa da ƙarfin tsiya har gindin babban yatsan hagu ya kumbura, na yi sati uku ko ƙotar fartanya ba na iya riƙewa da kyau. Da na warke na gane ba matsi ake so ba, nauyin hannu ake sakar wa wuyan jitar, a ɗan karkata yatsan ta gefen da ya fi ƙashi. Da wani ya gaya mini tun farko, da ban sayi man zafi ba.

Maganar farce ma sai da ta zama magana. Masu koyarwa a intanet duk da dogayen farata suke. Ni kuwa ga noma, ga ɓarar gyaɗa, ga hunturu da ke busar da farce ya tsage kamar ƙwaryar da aka manta a rana. Ga kuma abin da muka sani na sunna, cewa ba a barin farce ya wuce kwana arba'in, kuma a wurin alwala idon mutane na kan hannunka. Da na karanta cewa Fernando Sor da tsokar yatsa yake kaɗawa, Tárrega ma a ƙarshen rayuwarsa ya yanke nasa, sai hankalina ya kwanta. Duk Juma'a nake yankewa, in goge bakin da samfefa mai laushi da na roƙa wurin kafinta, in shafa man kaɗanya. Sautin bai kai na masu farce kaifi ba, amma ya fi taushi. Tsirkiya ta farko kuwa da ta tsinke, kafin in sami mai zuwa Sabon Gari a Kano, zaren fatsa na roba na saya a kasuwar Gujungu, mai kaurin milimita 0.7. Ya yi kwana huɗu yana miƙewa yana sauka, daga nan ya zauna, ya yi mini wata biyar.

Sai na shiga Bach, wanda shi ne dalilin wannan rubutu.

Mabuɗin tarin kiɗansa na farko na chelo ne, wanda ya rubuta wajen 1720 lokacin yana aiki a garin Köthen na Jamus. Gida 42 ne kacal, wato 'yan yankunan da ake raba rubutun kiɗa da su, kusan dukkansu ƙananan sautuka masu tsawo ɗaya, suna bin juna kamar tafiyar tururuwa. A chelo a mazaunin G yake, a jita yawanci a D ake yin sa, a sassauta tsirkiya ta shida daga E zuwa D don a sami gindi mai zurfi. A ido ya fi Asturias sauƙi nesa ba kusa ba. Na sa manhajar ƙidayar bugu a waya, na fara a hankali, kullum ina ƙara sauri kaɗan, har na haddace shi ba kuskure ko ɗaya. Wanda ya shirya takardar da nake bi ya ƙara sautukan ƙasa da yawa waɗanda babu su a asali, ni kuma na ɗauke su kamar wahayi, ban bar ko guda ba.

Akwai wani tsoho a ƙauyen da ke gaba da namu wanda ya yi goge a ƙuruciyarsa. Ya daɗe da daina fita, yanzu igiya yake tufkawa yana kiwon tumaki biyu, amma gogen na nan rataye a ɗaki. Jikansa ɗalibina ne, shi ya kai masa labari. Wata Asabar bayan la'asar na naɗe jitar cikin buhu kamar mai kai kaza kasuwa, na je. Muka gaisa, na zauna kan turmi a kife, na kaɗa masa Bach daga farko har ƙarshe. Ban yi tuntuɓe ba. Na ɗaga kai ina jiran yabo.

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya, can ya ce, "Malam, sannu da aiki. Amma me yake cewa?"

Na ce, "Baba, ai wannan ba shi da waƙa, kiɗa ne zalla."

Ya ce, "To ko ba ya magana, ba ya numfashi? Tun da ka fara nake jiran ka ja iska. Injin niƙa ma yakan sarara idan an zo zuba hatsi."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na gaya masa asali da baka ake goga shi, kamar goge. Nan fa ya ajiye igiya. Ya aiki yaron ya ɗauko gogen, ya kai bakin murhu ya ɗan gasa fatar, ya gyara zaman jaki, ya goga ƙaro a tsagiya. Ya ja sauti ɗaya tak. Ya faro shi siriri kamar kukan sauro, ya kumbura shi har tumakin suka ɗago kai, ya sake sirantar da shi ya ajiye. Ya ce in yi haka.

Na taɓa tsirkiya. Sautin ya fito da ƙarfinsa, daga nan sai mutuwa. Haka jita take, haka molo, haka gurmi: da ka taɓa, mafi ƙarfin ya riga ya wuce. Shekara biyu ina kaɗa kiɗan baka ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin da babu a hannuna ba.

Ya ce, "Mai molo ba ya bin mai goge a guje. Ya san ba zai iya riƙe murya ba, sai ya san inda zai ajiye ta." Ya sa na maimaita gidajen farko sau uku, yana bi da gogen, ba sautukan Bach ba, nasa dai, amma duk inda bakan ya juya sai ya gyaɗa mini kai. Inda yake juyawa ba kan kowane sauti ba ne. Yakan kwashi uku ko huɗu da ja guda, ya jingina kan na farko, sauran su biyo a sauƙaƙe.

Na dawo gida na kashe manhajar. Na nemo hoton takardar asali a intanet, nan na tarar ma wadda Bach ya rubuta da hannunsa ta ɓata, kwafin matarsa Anna Magdalena ne mafi shahara cikin waɗanda suka rage, kuma 'yan layukan da ke nuna inda baka zai kwashi sautuka tare ba su zauna daram ba, masu chelo har gobe suna saɓani a kansu. Na saurari Pablo Casals, mai chelo, wanda ya ɗauki waɗannan kaɗe-kaɗe a faifai tsakanin 1936 da 1939. Yana jan sautin ƙasa na farko ya ɗan daɗe a kai, kamar mai kafa ƙafa kafin ya ɗauki kaya. Abin da tsoho ya faɗa ke nan, shi da bai taɓa jin sunan Casals ba.

Daga nan aikin ya koma na fensir. Kafin in taɓa jita sai in rera layin da baki, duk inda numfashina ya ƙare in sa alama. Na bi sautukan ƙasa da mai shirya takardar ya ƙara, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda riƙe shi ke tilasta mini ɗage yatsa daga waƙar sama in yanke ta, na soke shi. Kusan rabinsu suka tafi. Da farko na ji kamar na yi sata, sai na tuna shi ma ƙari ya yi, ba Bach ne ya sa su ba.

Wani abin kuma ban taɓa ji ba sai da na rage gudu. Jita na da abin da chelo ba ta da shi: tsirkiyoyi uku ko huɗu na iya ci gaba da amo tare, sautukan su hau kan juna. A gidajen farko wannan alheri ne, yana cike gurbin bakan da babu. Amma da zarar haɗin sauti ya canza, tsirkiyar da ka bari a sake tana nan tana ta surutun jiya, sai abin ya dagule kamar kunun da aka dama da ruwan sanyi. Dole babban yatsan dama ya koma ya kashe ta daidai lokacin da sabon sauti ke fita. Koyon kashe tsirkiya ya ci mini lokaci fiye da koyon kaɗa ta, kuma babu takardar da ta rubuta shi. A gida na 22 akwai wurin da kiɗan ke hawa ya tsaya cak. Da, ina isa nake wucewa don tsoron shirun. Yanzu nakan girgiza yatsa kan sautin kaɗan, in bar shi ya mutu da kansa, in ƙirga numfashi ɗaya sannan in gangaro.

Bayan girbin gero na koma wurin tsoho. Na kaɗa masa, na yi tuntuɓe sau biyu a hawan ƙarshe, inda sautuka ke tafiya gaɓa-gaɓa har su kai ƙoli. Bai kula da tuntuɓen ba. Ya ce wurin da na tsaya ɗin nan ya yi, amma na yi saurin tashi, in ƙara zama kaɗan. Sannan ya karɓi jitar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta da ƙumba, ya nuna mini wata siririyar tsaga kusa da jaki da ni ban gani ba. Ya ce iskar hunturu ta kusa, in daina rataye ta a bango, in riƙa sa jiƙaƙƙen tsumma cikin kofi a jakar. Da zan tafi ya ce in na je Kano sayen tsirkiya in taho masa da maganin ciwon gwiwa.