Abin da zafin Afrilu ya koya mini game da 7805

A shekarata ta biyu ina koyon gyaran rediyo a Garwa ta ƙasar Kamaru, wani mai shago daga wajen Lagdo ya nemi mu haɗa masa abin cajin waya da batirin sola. Maigida ya bar mini aikin. Na ɗauki regileta 7805, wadda ke mai da wuta bolt 5, na ga takardarta ta ce tana jure har bolt 35 da amfa ɗaya, sai na ce batirin bolt 12 ai wasa ne. Na liƙa mata ɗan guntun alminiyon don ya sanyaya ta, na rufe ta cikin akwatin roba. Da hunturu ne, ta yi aiki lafiya lau.

Cikin Afrilu mutumin ya dawo, wai caji na yankewa da zarar rana ta take.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini biro ya ce, “Yaro, wutar da ta shiga ba ta fita ba, ina ta tafi?” Ban taɓa tunanin haka ba. Batir yana kaiwa bolt 14 idan sola na cika shi. A cire 5, saura 9. Waya na jan rabin amfa, wato 9 sau rabi, wat huɗu da rabi kenan suna zama zafi a jikin abin da bai kai ɗan yatsa ba. In babu ƙarfen sanyaya ta, kowane wat ɗaya yana ƙara mata wajen digiri 65, alhali ba a son cikinta ya wuce 125. Ga kuma Garwa, inda Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Ashe regiletar ba lalacewa ta yi ba, kashe kanta take yi don kar ta ƙone, in ta huce ta dawo.

Abin ya dame ni, don da cajin nan mutumin yake cefane.

Na sa mata faffaɗan alminiyon, na huda akwatin iska ta riƙa shiga. Maigida ya ƙara nuna mini ɗaya gefen: in wutar shiga ta gaza bolt 7, ba za ta iya riƙe 5 ba. Yanzu kafin in kama ƙarfen liƙi da dalma, lissafin zafi nake fara yi, kuma da zafin Afrilu nake yin sa.