Alhamis: yini da Hakeem Olajuwon

Yau ina azumin nafila, don haka da la'asar ban shiga fili ba, a gefe na zauna ina kallon yara suna atisayen ƙwallon kwando. Ɗan ƙanwata ya zo ya tsuguna kusa da ni. Gola ne a ƙwallon ƙafa, ga tsayi Allah ya ba shi, kuma na daɗe ina lallashinsa ya gwada kwando. Ya ce, "Kawu, ni fa na makara. Wa yake fara kwando yana ɗan shekara 15?"

Na ce, "Hakeem Olajuwon." Sai ya yi shiru, ashe bai ma san shi ba. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai, yaran yanzu sun san LeBron da Curry, amma ba su san mutumin da aka haifa a Legas a 1963 ba, wanda shi ma gola ne kafin ya taɓa ƙwallon kwando, kuma sai da ya kai wajen waɗannan shekarun ya fara. Daga nan ya tafi Jami'ar Houston a Amurka. Farkon zuwansa benci ya fi ɗumamawa, sai lokacin hutu ya riƙa zuwa yana gogawa da Moses Malone, wanda a lokacin yake cikin manyan 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA, Michael Jordan kuwa na uku aka ɗauka.

Na ciro waya na nemo masa wasan 1995 tsakanin Houston da San Antonio. A shekarar David Robinson ne gwarzon gasar, shi aka sa ya tsare Hakeem. Akwai wani wuri da muka yi ta maimaitawa. Hakeem ya karɓi ƙwallo a gefe, ya kutsa ƙarƙashin kwando, ya miƙa hannu kamar zai jefa. Ya janye, ya juya a kan ƙafa ɗaya, ya sake ɗaga ƙwallon, Robinson ya yi sama, shi kuwa ya sulale ta ƙarƙashin hannunsa ya zuba. Na ce wa yaron ya daina kallon ƙwallon, ya kalli ƙafafu kawai. Ƙafar da ya kafa ba ta motsa ba ko kaɗan, ɗayar ce ke ta aiki. Yaron ya ce, "Kawu, ai wannan irin takun gola ne." Haka ne kuwa, shi kansa Hakeem ya sha danganta iya takunsa da ƙwallon ƙafar da ya yi yana yaro. Kuma har yau babu wanda ya kamo shi wajen kaɗe ƙwallon abokan hamayya a NBA: sau 3,830.

Bayan na sha ruwa na yi sallar isha'i, sai na ci gaba da kallo ni kaɗai, domin yunwar da na ji yau ta tuna min da abin da ya fi burge ni game da shi. Ni da zama kawai na yi, amma kafin magariba duk na galabaita. Shi kuwa yana azumin Ramadan yana buga wasa, wani lokaci da rana tsaka, ko ruwa ba ya kurɓa. A watan Fabrairun 1995, wanda ya dace da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata a NBA. Addinin nan bai tsaya a azumi ba. Ya yi takalmin wasa da kamfanin Spalding aka riƙa sayarwa kusan dala 35, a lokacin da na sauran taurari ya haura dala 100, saboda uwa mai ƙaramin ƙarfi ta iya saya wa 'ya'yanta. Da ya shiga harkar gidaje da filaye, da kuɗi hannu yake saye don gudun riba. Ya kuma sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar Houston aka mayar da shi masallaci. Irin wannan mutum nake so yaranmu su sani.

Akwai maganar da nake yawan ji wadda ba na yarda da ita, wai kofunansa biyu na 1994 da 1995 ya ci su ne don Jordan ya tafi hutu. A 1994 shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon tsaro, shi ne gwarzon wasan ƙarshe, duk a kaka ɗaya, kuma sai da aka kai wasa na 7 da New York Knicks kafin ya ɗaga kofin. A 1995 kuwa Jordan ya riga ya dawo tun watan Maris. Orlando ta Shaquille O'Neal ce ta fitar da Chicago, ƙungiyar Jordan, sannan Houston, wadda ta shiga zagayen neman kofi a matsayi na 6 a yankinta, ta lallasa Orlando wasa 4 a jere a zagayen ƙarshe.