Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gandun Renon Itatuwa a Bayan Aji

A makon jiya na tsaya a inda darakta ya damƙa mini ɗan filin da ke bayan ajin CM1, wato aji biyar na firamare, ya ce in ga abin da za mu iya yi da shi ni da yara. Malamai da dama sun nemi in faɗi yadda ake kafa gandun renon itatuwa, abin da muke kira pepiniyar, a lakwal, wato makaranta. To yau zan ajiye labarin kaina gefe, in zayyana aikin yadda muka yi shi shekara da shekaru a Damagaram.

Daga ranar dashe ake ƙirgowa baya. Ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kan Nijar, ita ce ranar dashen itace, lokacin damina ta zauna. Yawancin itatuwanmu na son wata uku zuwa huɗu a 'yar ledar reno, saboda haka a Afrilu ake shuka. Ka ga renon ya faɗo a tsakiyar bazara ke nan, kuma wanda ya zauna unguwar Birni ko Garin Malam ya san yadda famfo ke kwanaki bai ɗiga ba. Don haka ruwa ake fara lissafawa kafin iri. Leda 300 kan sha jarka biyu zuwa uku mai lita 25 a rana, rabi da sassafe, rabi da la'asar. In ba ka da tabbacin wannan, ka tsaya a leda 100. Ruwan alwala da aka tara a bahon roba yana yi sarai, amma ban da ruwan wanki mai omo.

Ƙasar kuwa, kashi biyu na jigawa, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe ya koma baƙi, a tankaɗe, a yayyafa ruwa a cuɗa. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, kuma shi ke gayyato gara. A tabbata kowace leda tana da huji a gindi, a cika ta ana bubbugawa, a jera goma-goma cikin ɗan kwari mai zurfin tafin hannu don kada su faɗi. Sai rumfar karan gero a sama, da darni mai ƙofa saboda kaji da awaki.

Wurin iri ne aka fi faɗuwa, domin kowane da halinsa. Zogale ba shi da gardama: ka shuka, mako ɗaya zuwa biyu ya fito, shi ya sa da shi ake fara wa ƙananan aji. Dogon yaro ba ya son ajiya. A tsinto 'ya'yan da suka nuna, a wanke naman, a shuka da wuri, don in ya yi 'yan makonni yawanci ya mutu. Gawo da bagaruwa da kuka kuwa ɓawonsu tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi. A tafasa ruwa, a sauke, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana ya wuni. Wanda ya kumbura a shuka nan take, wanda bai kumbura ba a sake masa. Akwai kuma hanyar da yara suka fi so: a ɗauki abin yankan farce a ɗan ɓanci gefen ɓawon, nesa da idon da tsiro ke fitowa. Irin gawon da aka tsinta cikin kashin awaki ma yana fita da kyau, cikin akuya ya riga ya yi aikin. A duba kowace ƙwaya, mai ɗan huji ƙwaro ya cinye cikinta.

Ƙwaya biyu ko uku a leda, zurfin bai wuce ninki biyu na ƙwayar ba. Duk shekara sai an samu yaron da zai zo wurin malami yana cewa, “Mushe, nawa bai fito ba.” Ka tona ka tarar ya tura irin da ɗan yatsa har gaɓa ta biyu. Wani kuma don ƙauna yake tsula ruwa sau huɗu a rana, tsiron ya fito, wuyansa ya yi baƙi daidai ƙasa, ya kwanta. Bayan mako biyu da fitowa a tsuge, a bar guda mai ƙarfi. Kowane rukuni na yara biyar ya riƙe layinsa da kayensa, wato littafin rubutu, su rubuta nawa suka shuka, nawa suka fito. Darasin lissafi ne kyauta.

Gawo saiwarsa ƙasa take nufa tun yana ƙarami. In ka bar leda wuri ɗaya wata guda, saiwar ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke, itacen ya bushe. Duk mako biyu a ɗaga ledojin, a datse abin da ya leƙo da almakashi. Saura mako biyu dashe, a janye rumfa, a rage ruwa, su saba da wahala.

Rami santimita 40 faɗi, 40 zurfi, a haƙa bayan an yi ruwa mai kyau. A yanke gindin ledar da reza, a tsaga gefe, a zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Na sha tono matattun itatuwan biki na tarar da su cikin ledarsu. A mayar da ƙasar sama tukuna, a taka, a yi ɗan gurbi da zai riƙe ruwa, a barbaɗa toka saboda gara.

Ga inda gizo ke saƙar: lakwal na tashi a ƙarshen Yuni, ba ta komawa sai Oktoba. Ranar dashe manya su zo, a ɗauki hoto, a watse, fili ya koma na awakin unguwa. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a dasa a lakwal iya adadin da za a iya killacewa da ƙayar magarya ko kwandon kaba, ko guda ashirin ne, a kuma yi magana da mai gadi da kwamitin iyayen yara tun kafin hutu. Sauran a raba wa yara biyu-biyu su kai gida. Zogalen da ke tsakar gida uwa na kallonsa, ba ya mutuwa da ƙishi.

Amma a gona, ni dai ban ga amfanin wahalar da yaro da ledar gawo ba alhali kututture na nan da ransa. Mukan fita da 'yan CM2, wato aji shida, wajen Mirya su ga sassabin zamani: manomi ya zaɓi kututturen da ya tofo, ya bar rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya sare sauran da kaifin adda daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Da haka gonakin Matamai da Magarya suka sake cika da gawo. Yara su tsaya ƙarƙashinsa su ga da damina ya zubar da ganye, hatsin gindinsa ya fi na nesa tsawo. Tsofaffi kuma su ba su labarin zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, da aka ce mai sare gawo ransa yake sa wa a haɗari.

Mako mai zuwa zan koma kan labarina, shekarar da aka yi mini canji zuwa wani ƙauye a arewacin Tanut, inda rijiyar ta fi gaba ashirin.