Motar ja ta hannu: daga tirela ake fara lissafi

Sana'armu hayar injuna ce. Muna da janareto manya da matsakaita, injin kwaɓa siminti, tankunan ruwa, da kwamfuresa wadda masu haƙar rijiyar burtsatse ke karɓa idan tasu ta ƙi. Duk a kan ƙananan tireloli suke zaune, wasu mai aksul ɗaya, wasu biyu. Wanda ya bugo waya daga wurin gini a Ɗambatta ko daga gidan biki a Hotoro ba ruwansa da yadda injin zai iso, shi dai ya ga wuta kafin magariba. Don haka rabin sana'ar nan a kan motar da ke ja take. Ƙaramin kamfani irin namu kuwa ba ya leƙa shagon sabbin motoci. Ta hannu muke saya, ko Beljiyam da ta sauka kwanan nan, ko wadda aka riga aka mora a gida, ko ta gwanjon ƙungiyoyin agaji idan an dace.

Masu shigowa wannan harka sukan fara da tambayar wace mota ce mai ƙarfi. Ni kuma tambayar da nake mayar musu ita ce, me za ka ja, kuma nawa ne nauyinsa? Yawanci ba su sani ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankin lita 2,000 tan biyu ne cur kafin a sa nauyin tankin da na tirelar. Janareto mai kVA 100 da ke cikin akwatinsa na rage ƙara yakan kai tan ɗaya da rabi ko ya wuce, ga man gas a cikinsa, ga wayoyi, ga tirelar da mai walda ya ƙera da ƙarfe mai kauri don kada a ce ya yi ha'inci. Kafin ka ankara kana jan tan biyu da rabi. Kai tirelarka sikelin manyan motoci da kayanta a kai, kuɗin awon bai kai na taya ɗaya ba.

Da wannan lamba a aljihu ake zuwa wurin dillalai. Motar da aka ƙera don kasuwar Turai tana da ƙaramin allo ko takarda a jikin ƙofa ko cikin bonet, mai lambobi huɗu a jere. Ta farko iyakar nauyin motar ce da duk abin da ke cikinta, ta biyu iyakar nauyin mota da tirela a haɗe, biyun ƙarshe kuma na aksul ɗin gaba da na baya. Cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da kamfanin ya yarda ta ja. 'Yar Amurka ba haka take ba, takardar ƙofarta nauyin motar da na aksul kawai take faɗa, sai ka nemi littafinta. Kuma duk waɗannan manyan lambobi, irin su kilo 3,500 da ake yi wa Land Cruiser kirari da shi, na tirela mai birkin kanta ne. Idan tirelar ba ta da birki, iyakar da masu ƙera motocin ke rubutawa ba ta wuce kilo 750.

A nan gizo ke saƙar. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a garejojinmu ba su da birki ko kaɗan: aksul ɗin tsohuwar mota ne, da sifirin, da ƙugiya, shi ke nan. Ja ba shi ne wuya ba, ko ƙaramar a-kori-kura za ta motsa tan uku a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta idan aka lallaɓa ta. Tsayawar ce magana. Ranar da ɗan acaɓa ya faɗo maka a shataletale, ko kake gangarowa Hawan Kibo daga Jos da kwamfuresa a baya, kayan da ke bayanka turo ka suke yi, kuma idan sun fi motar nauyi su ne za su zaɓa maka hanya. Shi ya sa nake son mota mai nauyin jiki da tazara mai tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya, ko da injinta ba mai gudu ba ne. Kuma duk tirelar da ta haura tan ɗaya a wurinmu, sai an sa mata birkin nan da ke kama kansa idan ta tunkuɗo motar. Da tsada, amma ban yarda a yi ciniki a kansa ba.

A ganina babu kamar Land Cruiser samfurin 70, musamman a-kori-kurarta ta 79 mai injin gas 1HZ, lita 4.2, silinda shida, ba turbo. Tun 1990 ake yin wannan inji kuma bai canja hali ba. Ƙarfinsa bai fi doki 130 ba, a kan hawa da kaya sai ka yi ta haƙuri manyan motoci na danna maka ham. Amma ba shi da kwamfutar da za ta kashe shi a daji, yana haƙuri da man gas ɗin da ake samu a ƙauye, kuma bakanike a Gumel ko Nguru zai buɗe shi ba tare da ya tsaya kallo ba. Matsalarta ɗaya, kowa ya san haka, don haka ko tsohuwa ce kuɗinta ba ya sauka. Samfurin 80 da 105 masu wannan inji su ma haka. Samfurin 100 mai fetur V8 lita 4.7 tana ja cikin kwanciyar hankali, ta fi su daɗin zama nesa ba kusa ba, sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki ta ci gaba da hawa, duk mai V8 ya koma lissafi da biro. Haka Tundra da Sequoia da ake kawowa daga Amurka: ƙarfi kam akwai, Tundra mai lita 5.7 ta fi duk waɗanda na ambata ja, amma kuɗin hayar janareto na kwana ɗaya zai iya ƙarewa a gidan mai.

Hilux ce aka fi tambayata a kai, don ita ce a ko'ina. Ta 2005 zuwa 2015, gwargwadon ƙasar da aka yi wa ita, abin da aka yarda ta ja yana bambanta, amma bai kai tan uku ba, balle uku da rabi. Ga injin kwaɓa siminti da matsakaicin janareto ta wadatar, mu ma ita ce ke yi mana yawancin zirga-zirgar cikin gari. Mai fetur lita 2.7, wadda ta cika ma'aikatu da kamfanoni a ƙasar nan, inji ne mai tsawon rai amma ba na jan kaya ba, kuloci ne ke biyan bashin. Prado mai wannan injin ta fi muni, jiki ya yi wa inji yawa tun kafin a ɗaura mata komai. Nissan Patrol Y61 mai injin gas TD42 sa'ar Land Cruiser ce a ƙarfi, wani lokaci ma ta fi sauƙin kuɗi, amma kafin ka saya zagaya Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ka tambayi kayanta guda biyar da suka fi lalacewa. Idan aka ce sai an aiko daga kasuwar Ladipo ta Legas, to ka san motarka za ta riƙa kwana uku a kan jak duk lokacin da ta yi tari.

Injinan gas na zamani, masu nozul da kwamfuta ke sarrafawa, sun fi tsofaffin ƙarfi da tsimin mai, ba musu. Amma ba sa yafe gurɓataccen gas, kuma saitin nozul ɗinsu kuɗin wata ƙaramar mota ne. Waɗanda suka fito daga Turai daga wajajen 2011 kuma suna ɗauke da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke toshewa idan motar ba ta samun doguwar tafiya. Wanda ke da gidan mai guda da ya amince da shi, yana kuma canja filta a kan kari, zai ji daɗinsu. Wanda direbobinsa ke shan mai a jarka a bakin hanya, ya nemi tsohon inji.

Dillali aikinsa ya sayar. Zai ce maka, "Alhaji, wannan ba ta san wahala ba, wata Hajiya ce ke kai yara makaranta da ita." Ban taɓa jin an ce motar ɗan kwangila ce ba, duk motocin Kano na Hajiya ne. Ni dai tabarma nake sa yaro ya shimfiɗa in shiga ƙarƙashi da tocila, don fenti da kujeru ba su ke ja ba. Casis nake bi tun daga gaba har baya, musamman daga saman tayoyin baya zuwa inda ƙarfen ja ke ɗaure. Sabon baƙin fenti a wuri ɗaya, ko ɗinkin walda, ko ramukan kusoshi da suka zama ƙwai, duk labari suke bayarwa. Motocin da suka fito daga yankunan ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi, tsatsa kan ci su daga ciki, waje na sheƙi. Ba ƙaramin abu ba ne: a 2016 Toyota ta amince da sasantawar sama da dala biliyan uku a Amurka kan tsatsar casis ɗin wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Ƙaramar guduma ta isa, ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum. 'Yar Amurka kuma a bincika lambar casis ɗinta a intanet, don da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya aka kwaso su.

Motar da ta zo da ƙarfen ja a jikinta, ana iya cewa an huta da sayen wani. Ni ƙara bincike take sa ni, don alama ce ta yi aikin da nake shirin ba ta. A dubi sifirin baya ko ya kwanta, a saurari aksul ko yana kuka idan an saki totur. Sannan dunƙulen da tirela ke hawa kansa ba ɗaya ba ne: na Turai milimita 50 ne, na Amurka da aka fi gani inci biyu, wato ya ɗara da kusan milimita ɗaya. A ido ba ka ganin bambanci, a kan hanyar Gwarzo mai ramuka za ka gani. Ƙarfen da aka yi wa walda a jikin bamba kuwa ba ƙarfen ja ba ne, ko wa ya yi shi.

Sai zafi, wanda shi ke kashe motar ja a ƙasar nan. A watan Afrilu, ana digiri 40 da ɗoriya, mota na jan tan biyu da rabi a kan giya ta uku, duk wani rauni da ke lagireto sai ya fito. Ina duba ruwan ko akwai mai a kansa, in duba murfin man inji ko ya yi fari kamar madara, in tabbatar fanka na kamawa idan inji ya ɗau zafi. Akwai al'adar makanikanmu ta cire tamostat da zarar mota ta sauka, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da ita ba. Motar da aka cire wa, sau da yawa wata cuta ake ɓoyewa, lagireto da ya toshe ko gaskit da ya fara ba da hanya. Idan otomatik ce, a zaro sandar man giya inda akwai: ja mai haske lafiya, ruwan ƙasa mai warin ƙuna a bar musu kayansu. Otomatik ba ta da laifi wajen ja, ta ma fi sauƙin tashi da kaya a kan hawa, amma sai an ƙara mata abin sanyaya man giya. Ni manuwal na fi saya, saboda kuloci kowane gari ana canja shi, giyar otomatik kuwa masu gyaranta na gaskiya ba su da yawa.

Giyar ƙafa huɗu, wadda ke sa tayoyi huɗu duka su ja, a gwada ta a kan ƙasa, babba da ƙaramar duka, a ji ta shiga ta kuma fita. Da yawa an cire musu sandar da ke kai ƙarfi gaba an yi shiru. Mu ba don ado muke nemanta ba. Wuraren gini da damina, yashin arewacin Jigawa da Yobe, fadamar da mai rijiya ya kafa injinsa, duk sai da ƙaramar giyar ake fita da kaya ba tare da an ƙona kuloci ba. A Hilux da samfurin 70 ba a barin ta a kan kwalta, tana ɗaure kayan ƙasa har wani abu ya karye. Samfurin 100 da yawancin 80 kullum a ƙafa huɗu suke, nasu tsarin daban ne.

Tayoyi ina lissafa su cikin kuɗin mota tun farko, don da wuya waɗanda ke jiki su yi. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya mako da shekarar ƙira ne, 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida ba na ɗora mata tirela ko zanenta bai goge ba. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin kuɗi su fita. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma 'yan Kwatano ba su daina bi ta daji ba, kuma motar aiki da ke ratsa shingaye kullum ba ta ɓuya.

Idan ciniki ya faɗa, motar ba ta fita aiki sai ta yi mako a gareji. A juye duk mai, na inji, na giya, na aksul biyu da na birki. A canja bel ɗin tayimin idan injin mai bel ne, kamar 1HZ, ba tare da sauraron abin da mita ke nunawa ba, don mita ana mayar da ita baya. A ɗaura ƙarfen ja da kusoshi a jikin casis, a ja wayar fitilun tirela, a sa sarƙa biyu. Sannan a zauna da direban da zai riƙe ta a nuna masa inda injin zai zauna a kan tirela: ɗan gaba da aksul kaɗan, yadda abin da ke danne ƙugiya zai kama kashi bakwai zuwa goma cikin ɗari na nauyin. Idan ya koma baya tirela za ta fara kaɗa wutsiya da an haura kilomita 70, idan ya yi gaba da yawa tayoyin gaban mota su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana. Aikinta na farko tankin ruwa ne rabin ciki zuwa Wudil da dawowa, ni a gefen direba ina kallon allurar zafi.