Ɓoye kalmar sirri a rubutun umarni na Bash

Na shirya wani ɗan rubutun umarni ne domin kwafe rumbun bayanai zuwa wata kwamfuta, kuma dole ne ya nemi kalmar sirri kafin ya fara aiki. A Bash, wato manhajar da ke karantawa da aiwatar da umarni a Linux, abin bai da wahala, domin `read -s` yana karɓar abin da aka buga ba tare da ya nuna shi a allo ba. Na ƙara masa `-r` don kada ya haɗiye alamar `\`, sannan na sa `IFS=` a gabansa, saboda akwai masu barin fili a farkon kalmar sirrinsu ko a ƙarshenta, wanda in ba haka ba za a datse shi.

Wahalar ta ɓullo ne a kan Debian, wani nau'in Linux, inda `/bin/sh` yake nufin dash, wata manhajar karanta umarni daban da Bash, wadda ba ta san `-s` ba. Sai na koma ga `stty -echo`, wanda ke hana allon nuna abin da ake bugawa har sai an sake buɗe shi. A nan ne ake bukatar kula sosai, domin idan mutum ya danna Ctrl da C yana tsakiyar bugawa, rubutun zai tsaya ya bar allon a makance, ya yi ta buga umarni ba ya ganin ko harafi ɗaya. Maganin da na yi shi ne adana yanayin allon da `stty -g` tun farko, tare da sa `trap` ya mayar da shi idan rubutun ya ƙare ko aka katse shi.

Wani abokin aiki ya so a riƙa nuna taurari a madadin haruffa. Ana iya yi a Bash da `read -n 1`, amma ban yarda ba, tun da yawan taurarin yana tona tsawon kalmar ga duk wanda ke tsaye a baya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kalmar take zuwa bayan an karɓe ta. Idan aka miƙa ta ga wata manhaja a kan layin umarni, sauran masu amfani da kwamfutar suna iya ganinta da `ps`, umarnin da ke jera manhajojin da ke aiki, haka kuma `set -x` yana fito da ita fili lokacin neman kuskure. Saboda haka ta bututu (alamar `|`) nake tura ta da `printf`, wanda a cikin Bash ɗin yake, shi ya sa `ps` ba ya nuna ta, sannan in share ta da `unset` da zarar an gama amfani da ita.