Kafin ka kira mai gatari ya hau bishiyar gidanka

Tun daga guguwar watan Yunin 2018, wadda ta afka wa Bauchi ana tsakiyar hidimar ƙaramar Sallah, mutanen garin nan suke yi wa bishiyoyin gidajensu kallon abin tsoro. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya ga kwanon rufi a nannaɗe a kan titi, ya ga dogon yaro kwance a kan katangar maƙwabci saiwarsa a sama, dole gabansa ya riƙa faɗuwa in iska ta taso. Maganin da muka zaɓa ne yake damuna. Da hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai a kira yaro mai adda da gatari, ya hau ya gundule bishiya tas, ya bar gangar jiki da guntayen rassa uku ko huɗu. Sau da yawa ma ba kuɗi ake ba shi ba, itacen da ya saro shi ne ladansa. To wanda ladansa itace ne, wane reshe zai bari?

Bishiyar da aka gundule tana tohowa, har ta fi da duhu, shi ya sa ake ganin an yi daidai. Amma sabbin rassan nan a gefen sara suke fitowa, kusa da ɓawo, ba su kama cikin itacen ba. Tsakiyar saran kuwa ruwa ne yake kwanciya a ciki, ya ruɓe, gara ta samu hanya. Bayan 'yan shekaru sai ka tarar da dogayen rassa masu nauyi a tsaye a kan ruɓaɓɓen itace, kuma su ne iska take fara ɓallewa.

Mu da muke zaune a gindin dutse, kamar nan Dutsen Tanshi, matsalarmu ta fi ƙarfi a ƙasa. Wani gidan in ka haƙa rami, kafin ka kai gwiwa diga ta ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Dama yawancin saiwar bishiya ba ta wuce ƙafa biyu zuwa uku a zurfi, gefe take bazuwa har ta wuce inda inuwar ta tsaya, balle a wurin da dutse ya tare ta. Wannan saiwar ta gefe ita ce take riƙe da bishiyar. Sai magini ya zo haƙa harsashin katanga ko lambatu, ya datse rabinta da gatari, a zuba kankare, a manta. Wasu kuma su yi daɓen siminti har jikin bishiyar, ruwa da iska su daina shiga. In gidan a gangare yake, ruwan da yake sauka daga dutse yana kwashe ƙasar gindin kowace damina. Irin wannan bishiyar ko aske ta aka yi, tana iya faɗuwa.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gandun daji, da yake duba mana mangwaron tsakar gida. Baba muke ce masa. In ya shigo, ba sama yake fara kallo ba. Sai ya tsugunna a gindi, ya share ƙasa da hannu, ya duba ko ta tsage ko ta kumburo ta ɓangare ɗaya, alamar bishiya ta fara jirkicewa. Ya ƙwanƙwasa jikinta da ƙotar gatari yana saurare, don mai rami a ciki ƙararta daban take. Sannan ya nuna wa yaronsa rassan da za a cire: busassu, da masu gogar juna, da wanda ya miƙa kan rufi, da duk wanda kauci ya kama. Ba ya yarda a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganye a shekara guda.

Na tsaya na ga yadda suka sauke babban reshen da yake kan ɗakin mahaifiyata. Igiya suka fara ɗaura masa. Yaron ya sa zarto ta ƙasan reshen, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiyar, ya ɗan ci ya tsaya. Ya koma ta sama, gaba kaɗan, ya yanke, aka sassauto da shi a hankali, ɓawon bai ɗaye ba. Sai guntun da ya rage, shi ma ya cire shi daidai bakin kumburin da yake gindin reshe, bai taɓa kumburin ba, don daga nan ne bishiya take rufe ciwonta. Da wani ya kawo baƙin mai a shafa, Baba ya hana, ya ce a bar wurin ya sha iska. Yanzu sabon ɓawo ya kusa haɗe bakin yankan.

Aiki irin wannan kuɗi ake biya, kuma ya fi tsadar mai gatari, amma bai kai kuɗin kwano da katako ba, balle ran mutum. In ba ka san wanda za ka kira ba, ka tambaya a ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku. Dogon yaro da bishiyar turare a duba su cikin rani, tun kafin Afrilu. Mangwaro a bari sai an gama cin 'ya'yansa, don in aka sare shi lokacin hunturu yana fure, an yi asarar shekarar. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa, don Allah kada a tura yaro, a kira ma'aikatan wuta su kashe layin tukuna.